Wace manhaja za a saya don bayanan gandun daji? Amsa ga wani malamin daji

“Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a sashen gandun daji na wata jiha a Arewa maso Yamma. Muna da takardun awon itatuwa na shekaru da dama a cikin kabad, wasu kuma an zuba su a Excel. Yanzu an ba mu sabon aiki: ƙidayar itatuwa a wani gandun daji da gonakin da ke kewaye da shi, har da tsuntsaye da namun daji idan an gani. Oga ya ce in nemo manhajar da za a saya wadda za ta riƙe duk bayanan, ta fitar da taswira, ta kuma yi lissafin kabon. Wacce ce ta fi? Sannan gaskiya ne cewa da hoton tauraron ɗan'adam ba sai mun shiga daji ba?”

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya taimaka. In na fahimce ka, abu uku ne a gabanka: inda za a zuba tsofaffin bayanai da sababbi, abin da zai mayar da su taswira da alƙaluma, sai kuma ko tauraro zai hutar da ku shiga daji. Bari in fara da abin da za ka kai wa Oga. A wannan mataki kada a sayi komai. Kusan duk abin da aikinku ke bukata kyauta ne, kuma ba manhaja ɗaya ba ce, huɗu ne ko biyar, kowace da nata aikin. Kuɗin da aka ware a zuba shi a tef ɗin awo, da kamfas, da wayoyi masu riƙe caji, da fawa banki, da man babur, da horar da ma'aikata.

Dalilin da ya sa ba na ba da shawarar sayen manhajar da ake cewa tana yin komai shi ne, yawancinsu an gina su ne don manyan gonakin katako na ƙasashe irin su Finland da Kanada da Barazil, inda itace iri ɗaya ne ko biyu, an dasa su a jere, kuma abin da mai gona ke son sani shi ne yaushe zai sare, katako nawa zai samu. Dajinmu ba haka yake ba. A fili ɗaya za ka tarar da marke da ƙirya da taramniya, ga sabara da geza a ƙarƙashinsu, shanu sun ratsa, masu itacen girki sun ratsa, wuta ta ci gefe guda a watan Disamba. Ga kuma batun lasisi, wanda dala ake biya kowace shekara. Na taɓa shiga wani ofishi inda shirin da ya kawo kuɗin ya ƙare, lasisi ya mutu, awon da mutane suka sha rana suka yi yana nan cikin kwamfuta amma babu mai iya buɗe shi. Shi ya sa tambayar farko da nake yi wa kowace manhaja ita ce: za ta ba ni bayanaina a fayil ɗin CSV, wato jadawali zalla da kowace manhaja ke iya buɗewa, duk ranar da na so tafiya? In amsar ba e ba ce kai tsaye, na wuce.

Jadawali kafin manhaja

Abin da zai daɗe a ofishinku bayan an manta da sunan duk wata manhaja shi ne tsarin jadawalinku, don haka a nan zan fi tsayawa. Awon itatuwa yana bukatar jadawali uku, ba ɗaya ba.

Na farko na filayen awo ne. Kowane fili layi ɗaya: lambarsa, wurin da yake a GPS, girmansa, ranar da aka auna, wanda ya jagoranci awon, daji ne ko gona ko saura, akwai alamar wuta ko kiwo ko sara. Na biyu na itatuwa ne, kuma ƙa'idarsa ita ce itace ɗaya layi ɗaya: lambar filin da yake ciki, lambarsa shi kansa, lambar nau'insa, kaurinsa, tsawonsa, yana raye ko ya mutu, an sassare masa rassa ko a'a. Na uku jerin sunayen nau'o'in itatuwa ne, wanda zan zo kansa. Lambar fili ita ce ke ɗaure jadawali na farko da na biyu, kamar yadda alamar da ke jikin buhu a kasuwar Dawanau ke kai ka ga sunan mai kaya a littafin dillali. In lambar ta rikice, ko fili biyu suka sami lamba ɗaya, to ba manhajar da za ta warware muku.

Wannan rabuwa tana da amfanin da ba a gani sai ranar lissafi. Filin da aka je aka tarar babu itace ko ɗaya dole ya kasance a jadawalin filaye. Wanda ke da jadawalin itatuwa kaɗai, irin wannan fili ɓacewa yake yi tunda babu abin rubutawa, sai matsakaicin yawan itatuwa a hekta ya fito sama da gaskiya. A gandun dajin da aka cinye rabi, wannan kuskure shi kaɗai ya isa ya sa rahoto ya ce daji na nan lafiya.

Ba na zagin Excel, har gobe ina buɗe shi don duba bayanai da ido. Matsalar ita ce yana barin mutum ya yi abin da ya ga dama. Wani ya haɗe gurabe uku don kan magana ya yi kyau. Wani ya shafa jan launi yana nufin itacen ya mutu, bai rubuta a ko'ina ba. Wani ya rubuta “kamar 30” ko “30cm” a gurbin da lamba zalla ake so. Wani ya sa jimilla a tsakiyar jadawali, na'ura ta ɗauke ta a matsayin wani ƙaton itace. Gurbin da aka bari fayau, shin ba a auna ba ne ko sifili ne? Kwanan wata kuwa, 3/4/2024 uku ga Afirilu ne a kwamfutarka, a wata kwamfutar huɗu ga Maris ne. Ku riƙa rubuta shekara, wata, rana, wato 2024-04-03, magana ta ƙare. In kuna musayar fayil da abokan aiki na Maraɗi ko Damagaram, ka tuna kwamfutar da aka saita da Faransanci waƙafi take sawa a inda muke sa ɗigo, 12,5 a maimakon 12.5, kuma hakan na iya mayar da lambobi su zama rubutun da ba ya lissafuwa.

Wanda ya fi duka ɓarna shi ne rikita kewayen itace da kaurinsa. Ana awo ne a tsayin mita 1.3 daga ƙasa. Tef ɗin tela kewaye yake bayarwa, sai an raba da 3.14 kafin a sami kauri, amma tef ɗin awon itace na musamman kaurin yake nunawa kai tsaye. Tsofaffin takardu da yawa kewaye suka rubuta, wasu ma da inci da ƙafa. Itacen da kaurinsa santimita 30 ne, kewayensa kusan 94 ne. In aka shigar da 94 a gurbin kauri, nauyin da lissafi zai ba shi ya haura ninki tara na gaskiya. Saboda haka kowane fayil ya tafi da ɗan shafi guda da ke bayyana ma'anar kowane gurbi, da ma'aunin da aka yi amfani da shi, da ƙaramin kaurin da aka fara ƙirgawa daga kansa, da yadda aka yi da itatuwa masu tushe da yawa irin su kalgo da sabara. Wannan shafi kan ɗauki awa biyu a rubuta, kuma shi ne mutane suka fi tsallakewa.

Sunayen itatuwa

A nan aikinmu ya fi na Bature wuya ta wani gefen, ya kuma fi nasa sauƙi ta wani. Sauƙin shi ne duk ƙauyen da ka je akwai dattijo ko makiyayi ko mai magani da zai gaya maka sunan kowane itace ko da babu ganye a jikinsa. Wuyar ita ce sunan Hausa da na kimiyya ba kullum suke tafiya ɗaya da ɗaya ba. Darbejiya, dogon yaro, maina da bedi duk itace ɗaya ne, Azadirachta indica. In ma'aikata huɗu suka rubuta kowa da nasa, na'ura za ta ce kuna da nau'i huɗu. Ta ɗaya gefen, kalgo suna ɗaya ne amma nau'i biyu, Piliostigma reticulatum wanda ya fi yawa a arewa mai ƙarancin ruwa, da Piliostigma thonningii da ake ƙara samu in an gangara kudu. Baure ma ya kan rufe nau'in Ficus fiye da ɗaya, haka taramniya da baushe.

Sunayen kimiyyar su ma ba a zaune suke ba. Gawo a tsofaffin takardunku zai fito a matsayin Acacia albida, yanzu Faidherbia albida ne. Kaɗanya da aka sani da Butyrospermum yanzu Vitellaria paradoxa ce. Bayan taron masana tsirrai na duniya da aka yi a Melbourne a 2011, itatuwan ƙaya na Afirka da ake kira Acacia sun rabu gida biyu: bagaruwa ta koma Vachellia nilotica, dakwara ta koma Senegalia senegal. Wanda zai haɗa awon 1985 da na bana bai daidaita waɗannan ba, zai ga kamar wasu itatuwa sun ƙare wasu baƙi sun sauka.

Maganin shi ne jadawali na uku. Kowane nau'i ya sami gajeriyar lamba da ba ta canzawa, a gabanta sunan kimiyya na yanzu, da tsohon suna, da duk sunayen Hausa da Fulfulde da ake kiransa da su a yankinku. A jadawalin itatuwa lambar kawai ake sawa. Ranar da masana suka sake canza suna, gurbi ɗaya za a gyara. Don tantance sunan da ke aiki, shafin intanet na Plants of the World Online na lambun Kew da ke Ingila ya wadatar. Itacen da ba a gane ba kada a yi masa shaci-faɗi. A ba shi lambar “ba a sani ba 1”, a ɗauki hoton ganye da ɓawo da 'ya'ya, a matse reshe a cikin jarida a kai ma'ajiyar tsirrai ta jami'a mafi kusa ko ta cibiyar binciken gandun daji ta ƙasa (FRIN) da ke Ibadan.

Daga daji zuwa taswira

Don tattara bayanai a waya, abin da na fi ba sababbi shi ne KoboToolbox ko ODK. Tushensu ɗaya, kuma fom ɗin a jadawali ake tsara shi. Suna aiki inda babu sabis, sai an dawo gari a tura. Ana iya sa tambayoyin su fito da Hausa, ana kuma iya tsara fom ɗin ta yadda fili ɗaya zai ɗauki itatuwa ko nawa ne a ƙarƙashinsa, wanda shi ne tsarin jadawali biyun nan da na bayyana. Babban alherinsu shi ne shinge. Ka hana fom karɓar kaurin da ya gaza santimita 5, ka sa ya tambayi ma'aikaci ko ya tabbata idan kauri ya wuce 150 alhali ba kuka ba ce, ka sa a zaɓi suna daga jeri a maimakon a rubuta da hannu. Kuskuren da aka kama a gindin itace minti ɗaya ne gyaransa. Wanda aka gano a ofis bayan wata uku, sai dai a share layin. Asusun kyauta na Kobo yana da iyakar yawan fom da hotunan da za a tura, kuma sharuɗɗan kan canza, don haka a duba kafin a fara.

In aikin babba ne, irin wanda za a riƙa komawa filaye ɗaya duk bayan wasu shekaru, to akwai Open Foris, tarin manhajoji na kyauta da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya (FAO) ta ƙaddamar a 2014 musamman don awon daji. Biyu daga cikinsu, Collect da sabuwar Arena, sun san tsarin fili da itace da jerin nau'o'i tun daga tushe. Sun fi Kobo wuyar saitawa a karon farko. Ra'ayina, ku fara da Kobo, in aikin ya girma ku ƙaura, tunda jadawalin ɗaya ne.

Taswira kuwa QGIS ce, babu dogon zance. Kyauta ce, tana aiki babu intanet, kuma tana da ƙanwa a waya mai suna QField da za ta kai ma'aikaci har tsakiyar filin da aka zaɓa. Abu biyu ke kayar da mutane a nan. Na farko, a tsarin taswira na UTM, wanda ya raba duniya shiyya-shiyya, Najeriya ta faɗa cikin shiyyoyi uku: Sakkwato na cikin 31, Katsina da Kano na cikin 32, Maiduguri na cikin 33. In aka saita shiyyar da ba ita ba, gandun dajinku zai bayyana ɗaruruwan kilomitoci daga inda yake. Na biyu, tsofaffin taswirorin iyakar gandun daji an zana su ne bisa tsohon ma'aunin taswira na Najeriya da ake kira Minna, wayarka kuma da ma'aunin duniya na WGS 84 take aiki, kuma tsakaninsu akwai tazarar gomman mitoci. A takarda wannan ba komai ba ne, amma a bakin iyaka shi ne bambanci tsakanin gonar mutum tana cikin gandu ko tana waje. Kada a kai wa mai gari ko kotu taswirar da ba a daidaita wannan a cikinta ba.

GPS ɗin waya kan kauce da 'yan mitoci, ya fi haka a ƙarƙashin inuwa mai kauri. Ya isa a gano fili, bai isa a gano itace ɗaya a cikin cunkoso ba. A filin dindindin nakan sa a binne guntun rodi a tsakiya, a rubuta nisan kowane itace da kusurwarsa daga nan da kamfas. Alamar dalma da ake kafawa a jikin itace ba ta kwana biyu a inda yara ke kiwo.

Lissafin kabon da na yawan nau'o'i

Yawan itatuwa a hekta da matsakaicin kauri, Excel ma zai yi. Abin da ya wuce nan, manhajar lissafi ta kyauta mai suna R nake amfani da ita, tare da RStudio da ke sauƙaƙa aiki da ita. Tana da wuyar shiga, sai mutum ya yi haƙurin makonni. Ladar ita ce lissafin a rubuce yake layi bayan layi, ranar da aka gyara kuskure ɗaya ko aka ƙara filaye ashirin, sai a sake kunna shi komai ya fito sabo, kuma mai bincike daga waje zai iya bin sawun yadda aka kai ga kowace lamba.

Don kabon akwai ƙunshin BIOMASS, wani ƙarin kayan aiki da ake ɗora wa R. Yana aiki da ƙa'idar da Jérôme Chave da abokan aikinsa suka fitar a 2014 daga itatuwa 4,004 da aka sare aka auna a wurare 58 na ƙasashe masu zafi. Abu uku take ci: kauri, tsawo, da nauyin katakon nau'in. Itace mai kaurin santimita 30, tsawon mita 10, nauyin katako 0.7 idan an gwada shi da na ruwa, zai ba da kusan kilo 344 na busasshen nauyi a saman ƙasa, kabon ɗinsa kuma kashi 47 cikin ɗari na wannan bisa ƙa'idar IPCC, kwamitin duniya kan sauyin yanayi. Lissafi ne na daƙiƙa ɗaya. Sai dai ka san abin da kake riƙe da shi. Akasarin itatuwan da aka gina ƙa'idar a kansu ba daga daji irin namu suke ba, kuma ita ƙa'idar ta ɗauka cewa itace yana da cikakkun rassansa. Maɗaci da kawo da madobiya da makiyaya ke sassarewa duk rani ba su da su. Kuka kuwa ta fi kowa ruɗi, ga ƙaton jiki, ga katako mai laushi cike da ruwa, sau da yawa ga rami a ciki. Kuka biyu a fili ɗaya na iya rinjayar lissafin gandu sukutum. Ni nakan ware kuka in ba da rahotonta daban, in kuma rubuta a sarari wace ƙa'ida na bi. Akwai rumbun GlobAllomeTree inda ake tara ƙa'idojin da aka gina a ƙasashe daban-daban, a duba ko akwai ta nau'in da ya fi yawa a wurinku. In kuma kabon ɗin na sayarwa ne, kamfanin tantancewa yana da nasa sharuɗɗan, wannan wani fage ne da ya wuce amsar nan.

Don yawan nau'o'i, ƙunshin vegan na R zai ba ka ma'aunin Shannon da na Simpson da sauransu, masu auna yawan nau'o'i da yadda suka rarrabu a wuri. Ɗalibai na son Shannon saboda lamba ɗaya ce mai kyan gani a rahoto, amma ita kaɗai ba ta faɗin komai. Wanda ya auna fili arba'in zai ga nau'o'in da suka fi na wanda ya auna goma, ko da dajin ɗaya ne. Abin da nake fara zanawa shi ne layin da ke nuna yadda sababbin nau'o'i ke ƙaruwa yayin da filaye ke ƙaruwa. In layin bai fara kwanciya ba, awo bai isa ba. Ƙunshin iNEXT an yi shi ne don kwatanta wuraren da ba a yi musu awo daidai wa daida ba.

Akwai abin da R ba za ta iya gyarawa ba, wato inda aka sa filayen. In ma'aikata ne ke zaɓa da ido, za su tsaya kusa da hanya, a inda inuwa take. A bar QGIS ta watsa wuraren tun daga ofis, a raba daji daban gona daban. A cikin daji, da'ira mai nisan mita 17.84 daga tsakiya tana ba da kashi ɗaya cikin goma na hekta. A gona, inda itatuwa ke warwatse, wannan ya yi kaɗan, sai rabin hekta ko hekta guda.

Batun tauraron ɗan'adam

Wanda ya gaya maka haka ya faɗi rabin gaskiya. Hotunan Landsat kowane ɗigo mita 30 ne a kowane gefe, na Sentinel-2 mita 10. Shafin Global Forest Watch, wanda ya dogara da Landsat, yana da kyau wajen nuna inda aka share daji mai duhu kamar na Kuros Riba. A gonar da ɗorawa ke nan, gawo ke can, tazarar mita hamsin a tsakani, kusan makaho ne. Dubi abin da ya faru a Nijar. Manoman Maraɗi da Damagaram sun yi shekaru suna sassabin zamani, suna barin tohon kututture ya girma a gonakinsu, har aka kiyasta abin ya kai hekta miliyan 5. Ba taswirorin daji na duniya ne suka bayyana shi ba. Masu bincike irin su Mahamane Larwanou da Chris Reij da Gray Tappan ne suka haɗa tsofaffin hotunan jirgin sama da sababbin hotuna masu kaifi, suka kuma taka gonakin da ƙafarsu a wurare irin su Magariya da Matameye da Mirriya.

Lokacin ɗaukar hoto ma magana ce. Da damina gero da ciyawa kore, itace kore, ba ka bambance su, gawo kuwa a lokacin ne ya zubar da ganyensa tas. Da rani shi ne kore shar alhali ƙasa ta bushe. Hoton da ya fi amfani a wurinmu shi ne na bayan girbi, kafin sauran itatuwa su gama kaɗe ganye, a kuma kauce wa ranakun da ƙurar hunturu ta rufe sama.

Abin da ya dace da ƙasarmu shi ne Collect Earth, ita ma daga Open Foris. Mutum ne ke zama ya kalli fili mai rabin hekta a hoton Google Earth mai kaifi, ya ƙirga inuwar itatuwa da idonsa, ya cike fom. Da ita aka duba filaye sama da 210,000 a busassun yankunan duniya, da hannun cibiyar nazarin noma da yanayi ta AGRHYMET da ke Yamai a ɓangaren Sahel, sakamakon da ya fito a 2017 ya nuna hekta miliyan 467 na daji da ba a taɓa lissafawa ba. Ma'aikaci mai kwamfuta da intanet mai ɗan ƙarfi zai koye ta cikin 'yan kwanaki. A dazuzzukan da rashin tsaro ya hana shiga, kuma ka fi ni sanin su a shiyyarku, wannan ita ce hanyar da ta rage, ba kuma zan ce wa kowa ya kai ransa don awon itace ba. Sai a rubuta a rahoto cewa wannan yanki daga sama kawai aka gan shi. Hoto zai nuna maka inuwa. Ba zai gaya maka marke ne ko darbejiya ba, ba zai auna kauri ba, ba zai nuna ko akwai 'yan tsiro masu tasowa a ƙasa ba, alhali su ne ke faɗin ko dajin na da gobe.

Kafin ku ce wuri “daji” ne a rahoto, ku faɗi ma'anar da kuka bi. Ta FAO ita ce fiye da rabin hekta, inuwa sama da kashi 10 cikin ɗari, itatuwa masu kai mita 5, ban da ƙasar noma. Najeriya a shirinta na REDD+, na rage sare daji don yaƙi da sauyin yanayi, ta ɗauki kashi 15 da mita 3. Wuri ɗaya na iya zama daji a wannan ya kasa a waccan.

Tsuntsaye da namun daji

Waɗannan kada a cusa su a jadawalin itatuwa. Nasu daban ne: me aka gani, a ina, yaushe, wa ya gani, ta yaya, da ido ko sawu ko kashi ko kuka. “Idan an gani” da ka faɗa shi ne rauninsa. In ba a rubuta awa nawa aka yi ana dubawa da kilomita nawa aka taka ba, jerin zai nuna cewa dabba na nan, amma ba zai nuna tana ƙaruwa ko raguwa ba. Don sintirin masu gadi akwai manhajar SMART, wadda ake aiki da ita a Yankari, tana riƙe hanyar da aka bi da abin da aka tarar, tarko ko sara ko sawun giwa. Don tsuntsaye, ku haɗa kai da shirin taswirar tsuntsayen Najeriya da cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Jos ke jagoranta tun ƙarshen 2015. Suna aiki da manhajar waya ta BirdLasser, sun raba ƙasar murabba'i murabba'i mai kusan kilomita 9, kuma suna da 'yan sa-kai a Arewa. In kun tsara gurabenku tun farko bisa Darwin Core, ƙa'idar duniya ta rubuta bayanan halittu, ranar da kuka so saka bayanan a rumbun duniya na GBIF ba sai an sake aiki ba. Amma ba komai ake bazawa ba. Wurin sheƙar ungulu, ko inda manyan madobiya suka rage, itacen da aka sa tun 2016 cikin jerin CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa, saboda yawan sararsa, a dusashe wurin kafin a fitar. Sunayen manoma da lambobin wayarsu ma su tsaya a ofis, dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta shafe ku.

Takardun da ke cikin kabad

Ban ga takardunku ba, kuma aikina a dajin savana da gonaki yake, don haka abin da zan faɗa na gaba ɗaya ne. Kafin komai a ɗauki hoton kowane shafi, ko da waya ne, tun gara da ɗigar rufi ba su riga ku ba. Sannan a ware su. Waɗanda ke nuna wuri da shekara da yadda aka yi awo su ne masu daraja, su za a fara shigarwa, yadda aka rubuta su, da tsohon suna da inci da komai, gyaran a yi shi a wani gurbi na gefe. Mutum ɗaya ya shigar, wani ya ɗauki shafi ɗaya cikin goma ya gwada da takardar. Waɗanda ba su nuna wuri ba, a adana hotonsu a wuce, sai dai in akwai tsohon ma'aikaci da ya yi ritaya wanda zai iya tuna inda aka yi awon, kuma ya cancanci a je har gida a gaishe shi a tambaya.

Fayil na asali da ya fito daga daji ba a taɓa shi, kwafinsa ake gyarawa. A ajiye shi wuri uku: kwamfutar ofis, faifan ajiya da ke kwana a wani gini, da intanet. Asusun Kobo da na ajiya a buɗe su da adireshin sashe, ba na wani ma'aikaci ba, kuma mutum biyu aƙalla su san kalmar sirri su kuma iya aikin, domin canjin wurin aiki takarda ɗaya ce.

Kafin a fita aikin gadan-gadan, ku gwada fom ɗin a fili biyar kusa da gari, ku bi bayanan har zuwa taswira da lissafin ƙarshe, a nan za ku ga gurbin da kuka manta. In ka turo hoton shafi biyu na tsofaffin takardun, tare da jerin itatuwan da kuka fi gani a gandun, zan duba in gaya maka ko kewaye suka auna ko kauri, da kuma sunayen da ke bukatar daidaitawa.